Yadda Za Ka Warkar da Abokin da Babu Shi

"Wata huɗu muna zama, ko mutum ɗaya bai kawo damuwarsa ba," in ji Sirajuddeen, ciyaman na ƙungiyarmu ta tallafa wa maza a nan Kontagora.

"To, Ciyaman, fara kawo taka," in ji Sati, mataimakinsa.

"Ni lafiyata lau."

"Ka ga matsalar."

Ni ne sakatare, ni na rubuta faɗan a littafi. In kana son kafa irin ƙungiyar nan, bi matakan da ke tafe. Na yi maka alkawari, cikin wata shida za ka taimaki mutum ɗaya. Kada ka raina. A maza, ɗaya taro ne.

1. Kada ka ce taron damuwa ne

Ka ce shayi za a sha. Namiji zai ratsa gari a ƙafa saboda shayi, amma ba zai tsallaka kwata don a ji tausayinsa ba.

2. Kada ka tambayi kowa abin da ke damunsa

Ciyaman ya je bita Minna, ya dawo ya zaunar da mu a da'ira, wai kowa ya faɗi abin da ke ransa. Mutum goma sha biyu, "sai godiya" goma sha biyu. Har wanda ya zo da ɗori a ƙafa.

3. Ka jira abokin

Namiji ba ya ciwo, abokinsa ke yi. Ran nan Mahmudu direba, mai ɗauko masara daga Salka, ya yi gyaran murya.

"Akwai wani abokina, shi ma direba ne. Kwanan nan ba ya rarrabe rami da inuwa a titi. Yana tsoron mai mota ya ji, ya karɓe makulli, ga 'ya'ya biyar."

"Wanne yake kauce wa?" in ji Sati.

"Inuwar," in ji Mahmudu, yana zuba sukari a gefen kofi.

4. Kada ka gane abokin

Ciyaman ya buɗe baki. "Mahmudu, ai kai ne..." Sati ya take masa ƙafa.

Ka tanadi mai take ƙafa, ya fi ma'aji amfani. In ka gane abokin, shi da taro har abada, kuma gobe zai hau titi da buhu arba'in a bayansa.

5. Ka kai kowa asibiti

Sati ya ce sabuwar doka ta zo: katin memba ba ya fita sai an gwada ido. Daga ina ta zo, ba wanda ya tambaya. Muka yi layi mu goma sha biyu. Ciyaman, da ya ce rakiya ya yi, ya kalli allon gwajin ido, ya kira harafin "ba" "ha" sau uku.

Bayan mako guda sai ga Mahmudu da tabarau.

"Na abokin nan ne. Ajiya ya ba ni."

"A fuska ake..." Ciyaman ya ga Sati ya ɗaga ƙafa. "Allah ya ba shi lafiya."

"Amin. Ya ce a gaishe ku. Makullin ma yana hannunsa."

6. Ka shirya wa baƙi

Aboki ɗaya in ya samu sauƙi, sauran za su fito. Abokin wani membanmu, James, ya daina cin abinci tun da aka sallame shi daga aiki. Abokin Ciyaman shekara biyu ba ya magana da ɗansa. A rahoto na rubuta: membobi masu damuwa, babu. Abokai, bakwai.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, ba ruwana. Yatsan da aka take, naka ne. In shayi ya ƙare taro ya watse, kada a neme ni. Kuma wanda ka sa ya fara gani, kai zai fara kallo. Jiya Mahmudu ya gyara zaman tabarau, ya daɗe yana dubana, har na ajiye biro.

"Sakatare, kullum kana lungu kana rubuta na mutane. Kai ba ka da aboki ne?"