Wuƙar Silba da Fatar Gangar Mama

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin farko da na yi a gidan surukaina ba, ko da kuwa ina so in manta. (Na gwada. Ba sa bari.)

Lokacin watanmu huɗu da aure, muna zaune a Tirkaniya. Wata Lahadi muna cikin Keke muna dawowa daga sujada, sai matata Rahila ta taɓa ni.

"Af, ban gaya maka ba. A gidanmu sabon suruki ne ke gyara bunsurun Kirsimeti. Baba zai yanka, kai ka feɗe. Kuma da wuƙarka ake zuwa, ba a aro ranar."

Na gyaɗa kai kamar an ce in miƙo gishiri.

"Bana kuma ba babbaka za a yi ba," in ji ta. "Gangar zumuntar matan cocinmu ta fashe, Mama ta miƙe a gaban mata ta yi alkawarin fatar. Dole ta fita lafiya, ba huji ko ɗaya. Ka iya ai?"

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Ni da ko kaza ban taɓa figewa ba. Aikina buga takardu a kwamfuta, kuma abu mafi kaifi da hannuna ya saba da shi shi ne almakashin ofis. Amma tun ranar biki dangin Rahila na Kakau suke ce mini ɗan ofis. Babanta da kansa, da muka gaisa, ya juya tafin hannuna ya duba, ya ce, "Ikon Allah, kamar burodi." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Saboda haka na dubi matata na ce, "Haba, fiɗa ma har wani aiki ne?"

Mako biyu na yi ina kallon bidiyo a waya. Da niyyar koyon fiɗa na fara, amma kun san halin waya, sai ta ja ni zuwa wajen masu nuna wuƙaƙe. Na fito ban san ta inda ake fara cire fata ba, amma na zama farfesan ƙarfe. Na yanke shawara wuƙar aljihu mai naɗewa zan sa a ƙera mini, wadda zan zaro a gaban jama'a in buɗe ta ƙwas, kowa ya san ɗan ofis ba kanwar lasa ba ne.

Aka kwatanta mini Oga Bitrus a Kakuri. Dattijo ne da ya yi gyaran injuna a masaƙa, da aka rufe ta ya kafa rumfa yana walda, yana ƙera wuƙaƙe a gefe. Na yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe, sannan ya jawo wani baƙin ƙarfe mummuna daga ƙarƙashin benci.

"Sifirin ɗin tsohuwar mota ne, Ango. In na gasa shi ya yi ja, na tsoma a baƙin mai, zai riƙe kaifi har ka gama bunsuru biyu. Aibinsa ɗaya, tsatsa. Ka riƙa gogewa kana shafa man gyaɗa, shi ke nan."

Ni kuwa idona ya riga ya faɗa kan wani falle a lungu, yana ta walƙiya.

"Wancan fa?"

"Wancan silba ne, irin na tire da cokali. Ba ya tsatsa, gaskiya ne. Amma duk yadda ka gasa shi ba ya tauri."

Sai na gyara tsayuwa na fara koya wa mutumin da ya girmi aurena da shekara talatin a harkar ƙarfe aikinsa. Na ce duniya ta ci gaba, manyan wuƙaƙe duk irin wannan ƙarfen da ba ya tsatsa ne yanzu, wato sitenles. (Daga baya na gane sitenles iri-iri ne, na wuƙa daban, na tire daban. Ina jin masu bidiyon sun faɗa, ni ne na riƙa tsallake wurin.)

Muka zo kan mariƙi. Ya ce icen ƙirya zai sa, ya yi masa tsaga-tsaga don hannu ya kama. Na ce ƙahon bijimi nake so, a goge shi har in ga fuskata a ciki.

"Ango, ƙaho in ya sha kitse santsi yake kamar miyar kuɓewa."

"Oga, ka yi mini yadda na ce kawai."

Ya cire tabarau, ya dube ni, ya mayar. "To. Wuƙarka ce."

Gaskiya ta yi kyau. Kwana uku ina buɗe ta ina rufewa a falo, har Rahila ta ce in ban bari ba za ta jefa ta rijiya. Na gwada ta a kan takarda, ta yanka sumul. Ban gwada ta a kan wani abu da ya fi takarda ba.

Ranar Kirsimeti, da aka tashi sujada, muka nufi Kakau. Gida ya cika: kawunnai, gwaggwanni, surukan da suka riga ni shiga gidan, har da mata uku na zumunta cikin zanensu iri ɗaya, sun zo ganin fatarsu. Baba ya yi addu'a, ya yanka, aka rataye bunsuru a reshen mangwaro. Ya juyo.

"Mijin Rahila, ga naka."

Na naɗe hannun riga. Na sa hannu aljihu a hankali, na zaro, na buɗe ƙwas. Rana ta haska ta. Wata gwaggo ta ce, "Kai! Wannan daga waje aka kawo?" Wallahi a wannan daƙiƙar da an ce in tsaya takarar kansila da na tsaya.

Yankan farko ya tafi daidai. Na biyu ma. Kafin in gama ƙafa ɗaya sai na ji wuƙa ta fara shafa fata maimakon yanka. Na ƙara ƙarfi. Kitse ya hau hannuna, ya hau ƙahon, mariƙi ya soma juyawa a tafina kamar sabulu. Na danna, ta zame, sai ga tsinin ya leƙo ta ɗaya gefen fatar.

Ɗaya daga cikin matan zumunta ta ce, "Yesu!"

"Ba komai," na ce, "gefe ne, za a yanke wurin."

Wani kawu ya miƙo mini dutsen wasa. Na wasa, ta yi kaifin minti biyu, ta sake mutuwa. Gumi ya cika mini ido, na share da bayan hannu, na shafa wa kaina kitse a fuska. Huji na biyu ya zo a gefen ciki. Na uku kuwa a tsakiyar gadon baya, daidai inda mai kiɗa ke dukan ganga. Na saci kallon Rahila, na ga ta tsura wa wani tulu ido kamar yau ta fara ganin tulu.

Da mai hankali ne da ya tsaya a nan. Ni sai na ce bari in farfaɗo da mutuncina wajen fasa ciki. Na soka da duk ƙarfina, ƙaho ya sulale, wuƙa ta nutse inda ban aike ta ba. Wani koren ruwa ya malalo a kan hanta. Maɗaciya na fasa. Hantar nan kuwa a gidan rabon Baba ce, shi ake gasa wa ita kafin kowa ya taɓa nama.

Na ja da baya, na ce bari in rufe abata in mayar aljihu, ko ba komai in fita da sauran girma. Ta ƙi rufuwa. Ashe ta ci karo da ƙashi ta lanƙwashe kamar cokalin da aka haƙa ƙasa da shi. Na tsaya a tsakiyar surukaina ina kokawa da wuƙar aljihu da ta ƙi shiga aljihu.

Mama ta zo ta ƙarasa zare fatar da hannu, ta ɗaga ta sama da hannu biyu. Ta kara idonta a hujin tsakiya, ta leƙo ni ta ciki.

"Ɗana, ina ganinka sarai."

Gida ya fashe da dariya. Kawun nan mai dutsen wasa har ya zauna a ƙasa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma abin da ya fi dariyar ciwo shi ne da na ga Mama ta juya wajen matan zumunta tana ba su haƙuri, a kan alkawarin da ita ta yi, ni na karya. Wannan kam ya ƙona mini rai ƙwarai.

Bayan an ci abinci (hanta dai kare ma ya shinshina ya wuce), Baba ya kira ni bayan rumbu. Na tafi ina jiran faɗa. Ya karɓi wuƙar, ya juya ta, ya miƙo mini.

"Wuƙar ba ta da kirki, amma ba ita ce matsalar ba. Kai dai ba ka iya ba. Ni ma da na shigo gidan su Mamanku ban iya ba. Na gaya wa surukina, ya tsaya a bayana yana nuna mini da ƙyar murya, ba wanda ya sani har yau sai kai. Da ka buɗe baki, da haka zan yi maka."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri."

"Ka je ka nemo wa mata fata. Badi kuma kai ne, ba a wuce wannan aji sai an ci."

Tun daga ranar na koyi cewa "ban iya ba" tun kafin a rataye bunsuru. Na ƙware a faɗinta sosai, har yanzu Rahila tana ƙorafi wai ko wanke-wanke ta sa ni, ita nake faɗa mata.