Ranar da Zuciyata Ta Tona Mini Asiri

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗauki hoton zuciyata a Kazaure ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Bari ku fara sanin ko ni wane ne, don ku gane daga inda na faɗo. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina koyar da Bayoloji a wata sakandaren 'yan mata. Ɗalibai sun laƙaba mini Malam Ina-Hujja (a bayan idona suke faɗa, amma na sani, kuma gaskiya daɗi sunan yake mini). Duk yarinyar da ta ce kakarta ta sha sassaƙe kaza ta warke, sai in bugi allo in ce ina hujja. Babu ajin da ya wuce ta hannuna ban yi masa huɗuba ba a kan jiƙe-jiƙen da ba su da ma'auni, da askar wanzami guda da ake tsaga mutum goma da ita. Ƙoda kuwa da alli mai launi nake zana ta, in ce musu ita ce matatar jiki, wanda ya ɗura mata tarkace shi ya jiyo.

To sai ga shi tawa ƙodar ce ta fara gajiya. Dama na daɗe da hawan jini. Na je awon da na saba, aka duba fitsari da jini, likita ya ce ƙodata ta fara rauni, amma matakin farko ne, in aka kula za a daɗe ana tafiya lafiya. Ya canja mini magani, ya kuma rubuta a yi mini hoton zuciya da irin na'urar da ake duba masu juna biyu, don a ga yadda jini ke shiga yana fita. Ya ce ciwon ƙoda yakan taɓa zuciya tun mutum bai ji komai a jikinsa ba. Masu hoton daga Kano suke zuwa, don haka sai bayan mako uku aka ba ni rana.

Duk wannan "matakin farko" bai shiga kunnena ba. Ƙoda kawai na ji. Akwai abokin aikina da muka yi shekaru tebur ɗaya, a kan idona ya yi ta zaryar Kano wankin ƙoda har Allah ya karɓi abinsa. Tsoro ya kama ni, na gaske, kuma ban gaya wa kowa ba. Ashe mutum in ya tsorata karatunsa ba ya tsinana masa komai (nawa dai bai tsinana ba).

A majalisarmu ta bayan La'asar wani ya ce ai ƙwayoyin asibitin nan su ke cinye ƙodar. Wani ya ce akwai tsohon wanzami a wani ƙauye gaba da Roni, in ya kafa maka ƙaho ya zuƙe mataccen jini ya haɗa maka jiƙo, magana ta ƙare. A gabansu na ja tsaki na ce ina hujja. Ranar Asabar da sassafe kuwa na hau babur na nufi Roni, bayan na ce wa maiɗakina, Maman Sadiya, ta'aziyya zan je. Mamacin ma ƙirƙirarsa na yi, Allah ya yafe mini.

Tsohon ya karɓe ni da mutunci. Ya kafa mini ƙaho a ƙugu, ya ƙara biyu a ƙirji tunda na ce ina jin nauyi a wurin. Ya cika mini jarka da wani jiƙo mai ɗan karen ɗaci, ya ce kada in haɗa shi da maganin Bature. Na bi umarni kamar ɗan aji ɗaya: na daina shan ƙwayar hawan jini a ɓoye. Jarkar kuma na adana ta a kabad ɗin ɗakin gwaje-gwajen makaranta (e, ɗakin kimiyya, can na ga ba mai zargi). Sau biyu na koma ƙauyen. A gida na zama mai kwana da singileti da riga, wai sanyi nake ji, a tsakiyar bazara.

Ranar hoto Maman Sadiya ta ce ƙafarta ƙafata. Na yi juyin duniya ta zauna a gida, ta ƙi. Na kwantar wa kaina da hankali cewa ɗan ɗage singileti kawai za a yi, in kuma abin ya faskara sai in raɗa wa mai hoton a kunne, mu rufa wa juna asiri irin na maza.

Muna shiga ɗakin, mai ɗan duhu-duhu, likitar ta miƙe tsaye ta rusuna ta gaishe ni da "Malam". Mace ce. Ba ma wannan ba, Bilkisu ce, tsohuwar ɗalibata 'yar garin Kanya Babba, mai zama a layin gaba, wadda na taɓa tsayarwa a gaban aji saboda ta kare jiƙon kakarta. Cikin murna ta ce wa maiɗakina, "Mama, shi ne ya fara zana mini zuciya a allo. Saboda shi na karanta likitanci." Maman Sadiya sai fara'a take tana sa mata albarka. Ni kuwa gumi ya riga ya fara bin bayana.

Ta ce in cire riga da singileti in kwanta ta gefen hagu. Na ce ina fama da sanyi, ko za a iya yi ta saman singiletin. Ta ce sai man da ake shafawa ya taɓa fata na'urar take gani. Na ce to ko Maman Sadiya za ta ɗan jira a waje. Bilkisu ta ce a'a, zaman Mama ya fi, don ita kanta likitar ta fi sakewa. Na duba ƙofa, na duba taga, babu mafita. Na cire.

Ga su nan a ƙirjina, baƙaƙen zagaye biyu kamar an kifa kofin shayi, da 'yan tsage-tsagen aska ko warkewa ba su gama ba. Na ƙugu kuwa su ke fuskantar Maman Sadiya. Bilkisu ta kalle su sau ɗaya, ta manna mini wayoyi, ta shafa man nan mai sanyi, ta ɗora kan na'urar a tsakanin haƙarƙarina. Wallahi da ta yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Zuciyata ta bayyana a allon na'urar tana buɗewa tana rufewa, ja da shuɗi suna wulgawa a cikinta. Bilkisu ta yi mana bayani cewa launukan alƙiblar jinin suke nunawa, wanda ke tahowa da wanda ke tafiya. Sai ta murɗa wani abu, ƙarar jinin ta cika ɗakin, fuu, fuu, fuu, irin ta zugazugin maƙera. A nan ta tambaye ni, idonta a kan allo, ko ban da maganin da aka rubuta mini akwai abin da nake sha.

Na ce, "Babu."

Ƙarar ta ƙara sauri. Kowa a ɗakin ya ji. Ta ce na hawan jinin fa, ana sha kullum? Na ce kullum. Ai kuwa sai zuciyar nan ta zuba a guje, fu-fu-fu-fu, bakina yana faɗar abu ɗaya, ita tana shelar wani a lasifika. Na riƙe numfashi ko za ta lafa, sai ma ta ƙara.

Bilkisu ta ɗage na'urar. Cikin ladabi ta ce abin da take son aunawa shi ne yadda zuciya ke sakin jiki ta cika da jini tsakanin bugu da bugu, don a nan ciwon ƙoda da hawan jini suke fara barin alama. In tana wannan gudun, awon yakan cakuɗe, ba ya karantuwa. In kuma ba a samu yau ba sai wani zuwan, ga shi likitana sakamakon yake jira ya daidaita mini magani. Sannan ta ce, "Malam, a haka ba ni da hujjar da zan rubuta." Har yau ban sani ba ko da gangan ta faɗa.

A kwance a gefen hagu, ba riga, ƙirji duk mai, na zayyana komai: Roni, ƙaho, jarkar da ke ɗakin kimiyya, da mamacin da babu shi. Na ce mako uku rabona da ƙwayar asibiti. Sai na ji muryar Maman Sadiya daga bayana, a hankali.

"Wadda nake ba ka da hannuna kullum da safe fa?"

Na ce hannu nake kaiwa baki in kurɓi ruwa, ƙwayar kuma ta wuce aljihu, in yar a hanyar makaranta. Na jira faɗa, don na cancanta. Ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Ni na ɗauka tare muke jinyar nan." Kunyar Bilkisu da nake ji sai ta zama ba komai ba. Wannan maganar ita ta karya ni, na yi ta zubar da hawaye a kan zanin gadon asibiti, na ce mata tsoro nake ji, tun ranar farko tsoro nake ji.

Abin haushi, ina gama faɗa zuciyar ta nutsu. Bilkisu ta mayar da na'urar, ta auna abin da za ta auna a tsanake. Ta ce bangon zuciyar ya ɗan fara kauri kuma ba ta saki sosai, amma ƙarfin bugunta yana nan, an kama abin da wuri. Ta ce ba ƙahon ne babbar damuwarta ba. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, wanda ƙoda mai rauni za ta sha wahalar tacewa, da hawan jinin da na saki ba linzami, su ne za su iya kai ni inda nake gudu. Ta ce in kawo jarkar a gani, in sake gwajin jini a ranar. Ta kuma ce ba ni ne na farko da tsoro ya kai Roni ba, sannan ta rusuna ta yi mini sallama kamar ba abin da ya faru.

Washegari da safe Maman Sadiya ta kawo ƙwaya da kofin ruwa kamar kullum. Na haɗiye, na miƙa mata kofin. Ba ta tafi ba.

"Buɗe bakin," in ji ta. "Ɗaga harshen."

Na buɗe, na ɗaga. Gwajin ya nuna ƙodar ta ɗan ƙara ja baya a makonnin nan uku, kuma abin da ya tafi bai dawo ba, amma alhamdulillahi tun daga nan ta tsaya inda take. Abin da na koya shi ne, in tsoro ya kama ka, gara ka faɗa wa mutumin gidanka da bakinka tun kana sanye da riga. Ni da ban yi haka ba, ga ni nan da furfurata da jikoki biyu, kullum da safe sai na hangame baki an leƙa kafin a ba ni kunu.