Anatole da Matar Jan Alli

"Ni Anatole Brichard, ba a yi takardar da ta fi ƙarfina ba a duk Faransa! Kawo mini zanen da ya shekara ɗari uku, in mayar maka da shi sabo fil."

Haka yake cika baki kullum a shagon shan kofi, alhali ni da kai mun san aikinsa: shekara talatin yana buga hatimi a gidan waya. Sarkin kuri ke nan.

To, akwai Madam Odile da mijinta ya rasu, Anatole ya shekara biyu yana zawarcinta. Abu ɗaya take ji da shi cikin gadon marigayi: zanen wata mata a zaune ta waiwayo, da jan alli, aikin wani gwani na zamanin sarakuna. Ranar Asabar wata masaniya za ta zo daga Paris ta duba, in ya yi mata, a rataye shi a gidan tarihin garin da sunan marigayin.

"Ya ɗan yi dauɗa," in ji Odile.

"Ba ni shi! Da tsakiyar burodi ake goge irinsa, sirrin manya ne. In na gama mu sa rana, ko?"

"Gama tukuna."

Gaskiyarsa, da burodi ake gogewa, amma marar maiƙo. Gogan naka ya faɗa gidan burodi yana hura hanci.

"Na kullum?" in ji mai burodi.

"Haba, Firmin! Mace mai daraja a goge ta da burodin talakawa? Ba ni mai man shanu da ƙwai."

Ya je gida ya murza. Dauɗa ta tafi, kafaɗar matar ta bi ta, maiƙo ya zauna daram.

"Ƙaramin abu," in ji shi. Ya ɗora takarda, ya danna dutsen guga don ya tsotse man. Da ya ɗaga, sai ga hannun matar ya biyo takardar. Nan fa gumi ya karyo. Ya lalubo jan fensir, ya zana mata sabon hannu kamar cokali mai yatsu. Ya ƙirga yatsun, shida. Garin goge ɗaya ya huda takardar zanen, ya liƙe hujin da bayan kan sarki.

Ka ɗauka ya ji kunya? Ina! Ranar Asabar shi ne a gaba a falon Odile, ya murɗe gashin baki, shi da kansa ya yaye ƙyallen da aka rufe zanen da shi.

"Ranki ya daɗe, dubi hannun nan da kyau."

Masaniyar ta duba, ta sunsuna, ta sake dubawa. Odile kuwa sai hawaye ke zuba.

"Fuskar ta gwani ce, amma zanen ya mutu, ba gidan tarihin da zai karɓa," in ji masaniyar a hankali. "Madam, ki yi haƙuri da jikanki. Yaron da bai kai shekara biyar ba, bai san me yake yi ba. Don Allah kada ki doke shi."

Odile ta share ido, ta jawo laimarta daga bayan ƙofa.

"Shekararsa sittin da uku, har na yi niyyar aurensa. Riƙe mini gilashina, wallahi sai na doke shi."