Ramin da Na Liƙe da Laka

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da murhu ya tona mini asiri a gaban surukata ba. Zamanin mulkin soja ne, kananzir ya zama sai wane da wane, itace ma ya yi tsada. Ina koyar da kimiyya a Makarfi, matata Hajara ta yi haihuwa ta biyu, mahaifiyarta ta taso daga Paki don ta yi mata wankan jego.

Kowa ya san itacen jego a wuyan miji yake. Ni kuwa da iyayina sai na tafi Hunkuyi wurin wani maƙeri, na sayo murhun garin katako, irin na gwangwanin nan da ake yayi.

"Malam, Inna fa itace ta sani," in ji Hajara.

Na ce mata zamani ya wuce nan.

Maƙerin ya yi mini bayani, amma ban saurara ba (malamin kimiyya guda, maƙeri ne zai koya wa wuta?). Abin da na riƙe kawai shi ne a tsayar da kwalba a tsakiya, a danƙara garin katako kewaye da ita, a zare ta. Ina cikin zubawa sai na ga garin yana tsiyayowa ta wani rami a gindin murhun. Na ce lallai mutumin nan ya cuce ni, mai huji ya ba ni. Na kwaɓa laka na liƙe ramin tsaf.

Da sassafe na kunna. Hayaƙi. Na yi fifita, hayaƙi. Na ce ko garin ne ke da danshi, na juye na shanya, na sake danƙarawa. Na tsiyaye ɗan kananzir ɗin fitilarmu na zuba, wuta ta yi bal ta mutu. Na durƙusa ina ta hurawa, hawaye da majina shaɓe-shaɓe. Hantsi ya dubi ludayi, ruwan ko ɗumi bai yi ba, ga ganyen darbejiya a ajiye, ga Hajara da ɗaurin ƙirji tana jira. Wallahi kaina ya kulle, har na fara zargin ko sa hannu aka yi wa murhun.

Inna tana zaune bakin ƙofa, jariri a cinya. Tun jiya ta ga abin da na aikata, amma kunyar suruki ta hana ta yi mini magana, don mu gaisuwa ma daga nesa muke yi. Da abin ya ishe ta, sai ta dubi jikanta, ta ɗaga murya daidai yadda zan ji.

"Angona, kai da ka zo duniya shekaranjiya, in na toshe maka hanci za ka yi numfashi? To faɗa wa mutanen gidanku, wuta ma haka take."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A makon nan fa na rubuta a allo cewa wuta ba ta ci sai da iska, na sa aji guda suka yi ta maimaitawa.

Na ɗauko sanda na fasa lakar, na zura ta har ta cimma ramin tsakiya, na kunna. Nan take wuta ta miƙe. Hajara ta cusa fuska cikin zane, kafaɗunta na rawa. Inna kuwa ko murmushi ba ta yi ba, wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Tun daga ranar, in na ga rami a jikin abu, sai na tambayi wanda ya huda shi kafin in kwaɓa laka. Yaron yanzu har ya yi gemu, amma duk ranar da na fara cika baki a gida, uwarsa ba ta ce mini komai. Shi take kallo ta ce, "Faɗa wa mutanen gidanku."