Kukan Babu da Damin Gero

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da jakin Baba Mudi ya tsaya a ƙofar gidana. Har yau in na ji kukan jaki sai kunya ta taso mini sabuwa fil. Amma bari in faro muku daga tushe.

Ni ma'aikacin ofis ne a Sakkwato, can aka haife ni, can na girma. Kuɗin haya ne ya koro ni. Mai gidanmu ya mayar da ƙari kamar farilla, kowace shekara sai ya zo da fara'arsa da sabon farashi, ga ruwa na saye, ga cefane kullum sai tashi yake. Wani direba ya ba ni shawarar Wurno, na je na gani da idona. Gida sukutum, da zaure, da rijiya, da bishiyar dogon yaro a tsakar gida, a kan kuɗin da bai kai na ciki da falon da muke cushe a ciki ba. Ban yi wata-wata ba na kwashi matata Hadiza da yaranmu biyu muka tare. Kullum ana idar da sallar asuba nake kama hanyar tasha, mota ta bi da mu ta Achida, sau da yawa har in riga masu kwana cikin gari isa ofis.

A ofis kuwa na zama mai wa'azin Wurno. Duk wanda ya yi kukan tsada sai in gyara zama in ce, "Ku ne kuka so. Mu can albasa ba a saye, wake ba a saye, mutane ne masu ganin darajar ma'aikaci." (Kuɗin mota da ke cin rabona safe da yamma, wannan ba na kawo shi cikin huɗubar.)

Sai dai akwai abu ɗaya da na taho da shi daga birni wanda ya kamata in baro can, wato kukan babu. A unguwar da na tashi, in aka ce maka ya aiki ka amsa da fara'a, gobe za ka tarar da mai buƙata yana jiranka a ƙofa. Don haka na ƙware. Da maƙwabcina Baba Mudi, dattijon manomi mai ɗan nauyin kunne, ya ce mini ya aiki, sai in langaɓar da kai in ce, "Sai haƙuri, Baba. Mota ta cinye albashin." Kullum haka, ko da ranar aka biya mu ne.

Sauran abubuwan ma duk sun taru sun goyi bayan ƙaryata ban sani ba. Motocin hanyarmu da albasa da tafarnuwa suke tafiya, saboda haka wata tsohuwar riga nake ɗorawa a kan kayan aikina, in sa silifa, takalmin kirki yana ofis cikin durowa. Hadiza kuma da gas take girki, gari na leda take saye, gidanmu ba hayaƙi, ba daka.

Sai maganar ciyayya. Bayan magariba mazan layinmu kan taru a ƙofar Baba Mudi, kowa da kwanon gidansa, a haɗa a ci. Daidai lokacin nake saukowa daga mota da yunwa. Ranar farko suka ce bisimilla, na zauna don kara. Rana ta biyu na zauna don tuwon ya yi daɗi. Kada ku ce ban san ka'idar ciyayya ba, na sani sarai, kawai na ce wa zuciyata ai ni baƙo ne. Wata takwas ina baƙunta. Hadiza ta yi magana har ta gaji: "Wai kai ba za ka riƙa fita da kwano ba? Ni fa kunyar matan unguwa nake ji." Na ce mata su nomawa suke yi, mu saye muke. Ana nan sai saƙo ya fara shigowa gida, yau kwanon wake, gobe albasa, jibi ƙwaryar fura. Ni kuma ina ta kumbura, wai girmana ake gani.

Da kaka ta yi, shugabanmu na ofis, Alhaji Garba, ya ce ya gaji da jin labari, zai zo ya ga wannan aljannar da idonsa. Ya taho da abokin aikina Nasiru, wanda na riga na hure wa kunne har yana neman gida kusa da ni. Na sa aka yanka kaji biyu, na shimfiɗa darduma a zaure, na sha shaddata wadda unguwar ba ta taɓa gani ba. Muna cikin hira bayan azahar muka ji sallama. Na leƙa, sai ga Baba Mudi da jakinsa, an ɗora dami biyu na gero da ɗan buhun wake.

Maimakon in fita in same shi, sai na waiwaya na ce wa baƙina, "Kun gani ko? Abin da nake faɗa muku ke nan." Na ɗage labule sosai don su more kallo.

Baba Mudi ya matso kusa da kunnena don ya sirranta. Matsalar ita ce, raɗar mai nauyin kunne ana jin ta har bakin titi.

"Malam, ga ɗan abin da Allah Ya huwace. Zakkar bana ta. Mun zamna da Liman munka duba unguwag ga dut, ba mu ga wanda yak kai ka buƙata ba."

Na ce, "Baba, ai..."

"Kak ka ji kunya, haƙƙinka na. Wata takwas ba mu ga hayaƙi gidanga ba, ba mu ji daka ba, riga guda kaka zuwa aiki da ita. Da Inna Ige za a kai ma, mai marayun nan, ita da bakinta tac ce a hwara ba baƙo, ita ta saba."

Sai a lokacin ya hango mutane a zaure. Ya gaishe su, ya ce, "Ku 'yan'uwanai na? Ku riƙa dubinai don Allah. Mutum na mai kunya, ba shi roƙo."

Alhaji Garba ya gyara murya ya ce shi ne shugabana a wurin aiki. Baba Mudi ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce, "Tau, Alhaji, ku ji tsoron Allah, ku riƙa biyan mutane haƙƙinsu."

Alhaji, mutumin da shi da hannunsa ya sa mini hannu a takardar ƙarin girma wata uku da suka wuce, ya juyo ya zuba mini ido. Cikin sanyin murya ya ce, "Mi kaka yi da albashinka?" Nasiru ya cusa baki cikin hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Kamar abin bai isa ba, Hadiza da ba ta san wainar da ake toyawa ba ta buga ƙyauren ciki ta turo faranti, shinkafa ce tsibi guda, kaji a samanta suna ƙamshi. Baba Mudi ya dubi farantin, ya dubi shaddata, ya dube ni. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Dole na faɗi gaskiya, kuma da ƙarfi, don ya ji. Na ce ina da albashi, ina da abinci, baki ne kawai ya saba da kuka. Ya ce, "Hayaƙin hwa?" Na ce gas ne. Sai ya ce, "Tau, Allah Shi ƙara ruhin asiri. Riƙa min igiyag ga."

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Haka na ja jaki cikin shaddata muka ratsa layin, mutane na kallo, har ƙofar Inna Ige. Tsohuwar ta fito, da ta ji bayani sai fuskarta ta washe, ta ce da ni, "Ashe kun samu? Alhamdu lillahi. Ɗiyanka ka hana ni kwana." Wannan maganar ce ta fi ta kowa yi mini ciwo. Ni na san sau nawa na sha furar da ta fito daga gidan nan ina cewa girmana ake gani.

Litinin da na shiga ofis na tarar an riga an raɗa mini suna, Miskinin Wurno, kuma har yau bai sake ni ba. Nasiru dai ya tare a layin bayanmu, kuma tun ranar farko ya fita da kwanonsa (ni na ja masa kunne, ni da ban da bakin magana).

Yanzu ina fita da kwano, ana biki ko rasuwa ina miƙa nawa, sai na ga ashe zaman Wurno bai kai arhar da nake shela ba. Yana da sauƙi ƙwarai, ba zan koma birni ba, amma rabin arhar da nake taƙama da ita maƙwabtana ne ke biya. Kuma na koyi darasi: a birni kukan babu kwaɗo ne na kulle ƙofa, a nan kuwa in ka ce ba ka da shi yarda ake yi, a cire daga bakin maraya a ba ka. Shi ya sa yanzu in Baba Mudi ya ce ya aiki, ko kwabo babu a aljihuna, da ƙarfi nake amsawa: "Alhamdu lillahi, Baba!"