Yabon da Ya Tashi Kunkuru

A wani daji can bayan teku, inda manya ke ɗora gashin aro a ka su barbaɗa masa hoda, akwai Majalisar Alƙalami. Kujerunta goma sha biyu ne. Ba a shiga sai wani ya mutu, kuma al'ada ce sabon shiga ya miƙe gaban jama'a ya yabi wanda ya gada.

Shekara ashirin Beguwa tana cire ƙayar jikinta tana rubuta wa manya waƙa, ba ta da buri sai kujera ɗaya a majalisar nan. Ran nan Dawisu, wanda bai taɓa haɗa baiti biyu ba amma yana cin abinci a fadar Zaki, ya tako har bakin raminta.

Ya ce, "Gwaggo, an ce tsoho Kunkuru ya rasu. Damina uku ke nan yana kan kujera bai fito da kai ba. Ni za a ba gurbinsa. Ki rubuta mini yabonsa, kujerar da ta biyo baya kuwa taki ce."

"Yallaɓai, ka taɓa karanta rubutunsa?"

"Au, ya yi rubutu?"

"Rabin shafi, a kan haƙuri. Bai ƙarasa ba."

"To ki ƙarasa masa a yabo."

Suka tafa a kan haka. Beguwa ta koma rami ta zuba duk basirar da Allah ya ba ta.

Ranar taro aka bar gawar bisa kujerarta don girmamawa. Dawisu ya baza jela ya fara: "Ya ku ma'abota alƙalami, yau rijiyar hikima ta ƙafe. Wasu sun cika littattafai ba su ce kome ba, shi kuwa ya yi shiru ya faɗi kome. Wallahi da zai dawo, babu mai rai a dajin nan da ya isa ya riga shi zama."

Sai ƙoƙon bayan Kunkuru ya motsa. Kai ya leƙo, ido ɗaya a buɗe.

Kunkuru ya ce, "Yaro, maimaita wurin rijiyar nan. Ban ji sosai ba."

Ashe barci yake, kuma ba wanda ya lura, don waɗanda ke farke ma ba su fi shi aiki ba.

Mujiya, shugabar majalisa, ta gyara gashin aronta ta ce, "Jama'a, majalisa ba ta kuskure. Mun ce ya mutu, saboda haka kujerarsa ta Dawisu ce. Amma duk mun ji da kunnenmu cewa babu mai rai da ya isa ya riga shi zama, kuma mun tafa. Magana zarar bunu ce. Kujerar da ta biyo baya ta Kunkuru ce."

Beguwa ta kutsa ta ja Dawisu gefe. "Yallaɓai, alkawarinmu fa?"

"Haba Gwaggo, ni na ce ki rubuta shi da kyau haka? Ki jira ta gaba."

Ita kuwa ta san sauran 'yan majalisar: giwa, kada, aku, duk masu nisan kwana. Ta dubi 'yan ƙayoyin da suka rage a bayanta.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dawisu ya sami kujera, Kunkuru ya ji yabonsa da ransa ya koma barci, majalisa ta tsira da mutuncinta. Beguwa ma ba a manta da ita ba: ita aka roƙa ta rubuta jawabin da Kunkuru zai karanta ranar da zai sake shiga majalisa.