Ranar da Na Maƙale a Rumbun Baffa Ilu

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙasar Rogo ba za su bari ba.

Ni malamin gona ne. Gidana yana Karaye, aikina kuma a ƙauyukan Rogo, ta wajen Beli. A lokacin da abin ya faru shekarata shida ina wannan zirga-zirga a kan wani tsohon babur da duk bakaniken da ke bakin titi ya san ciwonsa. In fita da sanyin safiya, in dawo la'asar sakaliya, baya na ciwo, ƙugu na ciwo. Wallahi na gaji. Ba ni da wani buri a duniya sai a dawo da ni Karaye, in riƙa takawa zuwa ofis da ƙafata.

Idan na dawo gida ma ba hutu. Tun da muka sa sola, talabijin ɗinmu ba ta san komai ba sai katun. 'Ya'yana uku ne, duk mata, babbarsu Ummi, kuma rimot ba ya barin hannunta. Ni dai sai in zube a tabarma, ba ni da ƙarfin cewa a canja, in yi ta kallon dole. Har na haddace abin kaf. Na san idan kyanwa ta haƙa wa ɓera rami, ita za ta faɗa. Na san idan wani ya zarce bakin dutse da gudu, ba zai faɗo ba sai ya duba ƙasa, ya kalle mu, ya ɗaga mana hannu. Na san ƙaton cikinsu zai cusa kai a rami ya maƙale, a taru a ja, ya fito fit, kowa ya baje. A buga wa mutum guduma, ƙululu ya tsiro masa nan take, taurari na zagaya kansa. Wanda ya fi ba ni haushi kuwa shi ne, mota ta bi ta kan mutum ya koma kamar gurasa, minti ɗaya ka gan shi garau yana gudu. Gidan da ya rushe ma ya koma tsaye, ba wanda ya kwaɓa ƙasa.

Sai in ce, “Wai ku ba kwa gajiya? Wane irin sakarai ne zai ga rami ya yi masa kaɗan, ya cusa kai?”

Maman Ummi ta leƙo daga kicin ta ce, “Baban Ummi, kai da ka ce ba ka kallo?”

(Ku riƙe wannan tambayar tawa ta sakarai, za mu dawo kanta.)

To, ana nan sai ofishinmu ya kawo wasu buhunan ajiye hatsi, masu leda a ciki, waɗanda idan an ɗaure bakinsu iska ba ta shiga, ƙwari su mutu. Aka ce mu shawo kan manoma su karɓa. Shugabana, Oga Sabi'u, ya kira ni ya ce, “Ka ga, ranar Laraba zan zo da kaina in ga taronka. Idan mutanen nan suka karɓi buhunan, ni zan sa hannu a takardarka ka dawo gida. Idan ba su karɓa ba, kar ka sake zuwa mini da maganar ciwon baya.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, an gama.”

Na san inda zan dosa. A ƙauyen da na zaɓa akwai wani dattijo, Baffa Ilu. Ba shi ne mai gari ba, amma duk abin da ya yi a gona shi ake yi. Yana da wani ƙaton rumbu na ƙasa a bayan zaurensa, wanda mahaifinsa ya gina, tsayinsa ya fi na mutum nesa ba kusa ba, bakinsa a can sama an rufe da ciyawa. Duk wanda abinci ya ƙare masa kafin kaka, ƙofar Baffa yake zuwa, kuma ba ya komawa hannu rabbana. Na ce a raina, idan Baffa ya karɓa, gari ya karɓa.

Ranar Laraba da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin maina kusa da rumbun. Magidanta suka cika wurin, mata kuma suna bayan zana suna saurare. Ni kuwa na sha babbar riga, wadda na ajiye don Sallah, saboda Oga. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida da gajiya da shanu, aka sake tambaya. Na tashi na yi bayani har murya ta dushe. Na buɗe buhu, na ɗaure, na kwance, na sake ɗaurewa. Kowa ya ce, “To, madalla.” Ba wanda ya miƙo hannu, duk suna satar kallon Baffa.

Baffa ya gyara zama ya ce, “Malam, mun gode ƙwarai. Abu ya yi kyau. Mu dai rumbu muka gada, kuma bai taɓa ba mu kunya ba.”

Na ga Oga ya duba agogo. Nan na ji hanyar Rogo ta ƙara tsawo a idona. Sai wata dabara ta faɗo mini, irin wadda ke faɗo wa kyanwar nan kafin ta sha wuya.

Na ce, “Baffa, a ba ni izini in ɗebo zangarniya ɗaya daga rumbun nan. Zan nuna wa jama'a ƙwarin da ke cinye muku hatsi ba ku sani ba.”

Ya ce, “Malam, rana ta take. A bari sai wani jiƙon.”

Na ce, “Minti biyu ne, Baffa.”

Ya ce, “Rigarka za ta ɓaci, Malam.”

Na ce, “Ai don aiki aka ɗinka ta.”

Ya kalli ƙasa, sannan ya ce, “Tsanin ma ya tsufa.”

Jama'a, ni fa ɗan manomi ne. Na san ba a leƙa rumbun mutum. Ko matar gida ba ta leƙawa, maigida ne ke hawa ya ɗebo ya miƙo. Na kuma san idan dattijo ya ba ka uzuri uku a jere, a'a yake cewa, kunya ce ta hana shi faɗa. Na san duk wannan. Amma a lokacin ba abin da nake gani sai biron Oga a kan takardata. Kafin wani ya ce wani abu na jingina tsani, na tattare riga, na haye, na ture murfin.

(Wani abin kuma: mai shiga rumbu siriri ne, yana tuɓe riga, kuma da ƙafa yake fara shiga. Ni na zo da babbar riga, da tumbin da tuwon Maman Ummi ya gina shekara da shekaru, kuma da kai na fara.)

Na leƙa, duhu. Na zura hannu, ban taɓa komai ba. Na ce a'a, bari in ƙara. Na zura hannu na biyu da waya, na kunna fitilarta, na tura kafaɗa, na tura ƙirji. Sai haske ya sauka can ƙasa, can ƙasa sosai, a kan 'yan dammunan dawa da ba su rufe gindin rumbun ba ma. Ko wata uku ba a yi da girbi ba. Ba ƙwari, ba komai, hatsin ne babu. Nan take na gane rana, na gane riga, na gane tsani. Na ce bari in fita a hankali, in ce ban ga ƙwaro ko ɗaya ba, rumbun Baffa lafiya lau, a tashi taro da mutunci.

Na ja baya, ina! Rigar ta dunƙule a ƙuguna ta toshe bakin rumbun tam. Na sake yunƙurawa, na tokari tsani da ƙafa don in sami ƙarfi, sai na ji tsanin ya tafi abinsa. Wayar ma ta suɓuce ta faɗa kan dawa tana haska ni. Ga ni nan, rabi a ciki, rabi a waje, ƙafafuna suna ta gudu a iska ba inda za su. Ko damar duba ƙasa ban samu ba, balle in ɗaga wa jama'a hannu.

Na ce, “Salamu alaikum! A taimaka!” Muryata ta dawo mini kamar daga rijiya.

Daga waje na ji wani ya ce, “Ikon Allah. Malam, ka ga ƙwarin?”

Aka kawo turame, mutum biyu suka hau suka kama ƙafafuna. Jan farko, takalma suka fita. Jan na biyu, na ji zariyar wandona ta ce tas. Ba zan tsawaita a nan ba. Abin da zan ce kawai shi ne, Allah ya taimake ni akwai gajeren wando a ciki, wani ɗan kore na ƙwallo tun na makarantar horon malaman gona, kuma dariyar da ta tashi daga bayan zana har yau ina jin ta idan na rufe ido. Wata tsohuwa ta ce a kawo man gyaɗa a shafa mini. Wani ya ce a bar ni zuwa gobe in rame.

Sai na ji muryar Oga kusa da ni, a fusace: “Ku matsa! Ku kama nan, ni in kama nan. Ɗaya, biyu, uku!”

Ni ban fito ba. Rumbun ne ya fito da ni. Ginin tsohuwar ƙasa ne, ya yi ƙara, bakin ya ɓalle gaba ɗaya, ya tsage gefe guda har kusan ƙasa. Na taho da zoben ƙasa a ƙuguna, na sauka a kan Oga Sabi'u, shi kuma ya sauka a kan turmi. Goshina ya haɗu da ƙafar tsani. Wallahi tallahi na ga taurari, da rana tsaka, suna zagayawa. Na kai hannu, ga ƙululu ya tsiro nan take. Ashe masu katun ba ƙarya suke yi ba.

Dariya ta ɗan yi, sai ta tsaya cak. Na ɗago ina karkaɗe ƙasa daga ido, na ga ba ni ake kallo ba. Kowa ya zuba wa ɓarakar ido. Cikin rumbun Baffa Ilu a buɗe, rana ta haska shi, 'yan dammunan nan a gindi, ga wayata a kai. Mutanen da suka sha zuwa ƙofarsa da ƙwarya suna tsaye, ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyar da kai. (Daga baya na ji cewa ruwa ya yanke masa a babbar gonarsa, ga iyalin ƙaninsa marigayi duk a wuyansa, kuma bai faɗa wa kowa ba, bai kuma daina ba masu zuwa ba.)

Baffa ya taso a hankali, ya ɗauko wandona ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, “Sannu, Malam. Ba ka ji ciwo ba dai ko?”

Da mari ya yi mini da na fi jin daɗi. Na ce, “Baffa, don Allah ka yafe mini.”

Ya ce, “Ba komai. Tunda rumbu ya tafi, kawo buhunan naka.” Ya ɗan dubi cikin rumbun, ya dubi jama'a. “Biyu sun ishe ni.”

Haka kuwa aka yi. Baffa ya karɓa, gari ya karɓa, kafin azahar buhuna sun ƙare. Ban taɓa yin taron da ya ci nasara kamar wannan ba, ban kuma taɓa komawa gida da nauyin zuciya irin na ranar ba.

Oga Sabi'u ya yi sati biyu yana tafiya a karkace. Da na je da takardata, ko kallonta bai yi ba. Ya ce, “Sun karɓa, na gani da idona, na kuma ji a ƙuguna. Amma ba inda za ka sai rumbun dattijon nan ya koma yadda yake.” Na yi Asabar bakwai ina taka ƙasa da ƙafa tare da magini, muka tayar da shi, har ya fi na da kyau. Kafin ya bushe aka yi wa Oga canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma ya ce bai san da zancen ba. Yau shekara uku ke nan, ina nan a kan babur ɗina. A kasuwar Rogo ba mai kirana da sunana, sai dai in ji an ce, “Malam Mai-rumbu, an ga ƙwarin kuwa?”

Ranar da abin ya faru, da na shiga gida, Ummi ta kalli goshina ta ce, “Baba, irin na katun!” Maman Ummi ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Tun daga ranar ban sake kiran kyanwar nan sakarai ba. Idan ta cusa kai a rami sai in ce, “Sannu, 'yar'uwa, Allah ya fid da ke.” Sai dai har yanzu idan aka zo wurin da gida ya rushe ya koma tsaye, tashi nake in fita tsakar gida. Mun gyara rumbun Baffa tsaf, amma a waccan shekarar duk ba wanda ya sake zuwa ƙofarsa da ƙwarya, kuma tun muna taka ƙasa ya gaya mini cewa wannan ya fi rushewar rumbun yi masa ciwo.

Yanzu idan dattijo ya ce mini rana ta take, ko da gari bai gama wayewa ba, cewa nake, “Ƙwarai kuwa, Baffa, ta take,” in naɗe buhuna in hau babur.